Lefena da Tukunyar Gas

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, na ga yadda wasunku suka ɗaura ɗamarar zagin Gwaggo Adawiyya tun ba su ji yadda aka yi ba. Ku ɗan dakata. In kun gama karanta na yau, ku raba zagin gida biyu, ku ajiye min kaso mafi tsoka. Ni na san abin da na yi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Amatullah, 'yar Malam Amadu, haifaffiyar Daura. Na karanci kimiyyar sinadarai a jami'a, na dawo gida da takarda mai kyau da bakin da ba ya aiki. Ni ce yarinyar da za a taka wa ƙafa a gidan biki ta ce "yi haƙuri". Ina ganin komai, ina riƙe komai, amma da zarar mutum uku sun zuba min ido sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Musaddiq shi ne wanda aka sa mana rana da shi. Sana'arsa juya motoci. A kawo masa mota mai shan fetur, ya kwantar mata da tukunya a but, ya ja siririn bututu zuwa inji, ya sa ɗan maɓalli kusa da sitiyari, shi ke nan ta koma tafiya da iskar gas ɗin nan da ake kira CNG. In gas ya ƙare, a danna maɓalli ta koma fetur. A Kano ya koyo aikin, ya dawo ya kama ɗan shago a hanyar Kano, bai ma kai ga buɗe shi sosai ba.

Ranar da ya fara zuwa zance bai kawo turare ba. Farin hankici ya ciro daga aljihu, ya tayar da motarsa, ya ce in kara a bakin salansa. Na kara, na ƙirga ashirin a zuci, na cire. Fari fat.

"Yanzu je ki gwada a motar yayanki," ya ce, "in kina sha'awar baƙin hankici."

Na yi dariya har sai da na rufe fuska da mayafi. Wasu samarin waƙa suke yi wa budurwa. Shi nawa gas yake yi wa waƙa, ni kuma in zauna ina saurare kamar ana karanta min wasiƙar soyayya.

"Malama Amatu, daga Kano zuwa ƙofar gidan nan, abin da na ƙona bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da fetur zai ci ba. Baƙin mai ma sai ya daɗe bai yi duhu ba. Ƙasar nan Allah ya ba ta gas, wani ma a iska ake ƙona shi a banza. Bari ya wadata a Kano, a fara kawo mana nan. Mai keke zai daina yini yana yi wa gidan mai bauta. Buhun geron da ake ɗaukowa daga Mai'adua, kin san nawa ne kuɗin mota a cikin farashinsa? Ranar da motocin hatsi suka koma gas, har a kwanon tuwonku sai kin gani."

Bai taɓa ɓoye min aibinta ba. A lokacin nan da nake ba ku labari, sai ya je Kano yake cikawa, ya bi dogon layi, in ya iso Daura ta kusa ƙarewa. Kuma tukunyar ta cinye fiye da rabin but. Ku riƙe wannan na ƙarshen.

Ni ma ba baƙuwa ba ce a maganar. A kan iskar nan na yi binciken kammala digirina. Na san ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, in ta samu kafa sama take yi ta watse. Fetur ne yake malala a ƙasa yana neman wuta, gas ɗin girki ne yake kwanciya a ɗaki yana jira. Wata rana ya buɗe min but, ya ce in shafa tukunyar. Sumul take, babu haɗi ko ɗaya, ƙarfe mai kauri, an buga lambobi a wuyanta.

"Irin wannan kaɗai ke iya ɗaukar matsin da ake dura mata," ya ce. "Duk tukunyar da kika ga tabon walda a jikinta, ki gudu, ki ja hannun na kusa da ke. Shi ya sa nake so shagon ya zama namu. Ni ƙarfe na sani, ke kin san iskar. Ke za ki riƙa yi wa direbobi bayani."

"Ni? Bayani?"

"Za ki iya."

Shi kaɗai ya taɓa gaya min haka.

A gidanmu kuwa mutum biyu ne ba sa son jin sunansa. Ta farko Gwaggo Adawiyya, yayar Baba, wadda ta goya shi, tun rasuwar mijinta take zaune da mu, kuma Baba ba ya tsallake maganarta. Na biyu Yaya Mansur, direban mota Sharon ta haya tsakanin Daura da Kano. Tun da aka cire tallafin mai fuskarsa ba ta sake ba. Shi ya raɗa wa Musaddiq suna Injiniyan Girki. In ya ga motar a ƙofar gida sai ya leƙo ya ce, "Ango, wake ya nuna ko a ƙara wuta?" Musaddiq ya yi murmushi ya gaishe shi. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, a ɗakin zaurenmu Yaya Mansur yana ajiye jarkokin fetur huɗu, bango ɗaya tsakaninsu da madafa. Ba wanda ya taɓa jin tsoronsu.

Ranar Asabar aka kawo lefe. Da safe saƙonsa ya shigo:

"Na yi alƙawari lefenki ba zai hau motar fetur ba. Da tawa za a kawo shi, yayana Kalilu zai tuƙa."

Na san akwati shida ne. Na san girman but ɗin. Na rubuta, "Anya za su shiga?" Na goge. Na tura, "To, Allah ya kawo su lafiya."

Amarya ba ta fitowa ranar lefe, don haka ina uwar ɗakan Mama, cikin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, lalle bai gama bushewa a ƙafata ba, na ɗan ɗaga labule ina leƙen tsakar gida. An kafa murhu uku kusa da get. Ana suyar dubulan da cincin da kaji, abin da za a haɗa wa baƙi tukwici. Gwaggo na zaune a kujera cikin leshi ruwan zuma, ɗaurinta ya kusa taɓo igiyar shanya.

Tun kafin motar ta shigo na ji dariyar maƙwabta daga waje. Manyan akwatuna biyu an ɗaure su a saman mota da igiya, irin yadda ake ɗauro kaya daga kasuwar ƙauye. Biyu suna kan cinyar mata a kujerar baya, ba ka ganin komai nasu sai ƙolin ɗankwali. Hajiya Madina, gwaggon Musaddiq, dattijuwa mai ciwon gwiwa, tana gaba rungume da ƙaramin akwatin nan da ake kira kit. Mai guɗa ta buɗe baki, ta kalli saman motar, guɗar ta maƙale.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Lefe ne wannan ko 'yan ci-rani ne suka dawo?"

"Hajiya, ina wuni," in ji Hajiya Madina tana ƙoƙarin fitowa.

"Bari gaisuwa tukuna. Kai direba, buɗe min but. Ina so in ga dukiyar da ta hana akwatin 'yata shiga."

Yaya Kalilu ya buɗe. Akwati ɗaya ne a matse a gefe. Sauran wurin doguwar farar tukunya ce, kwance kamar rago.

"Mene ne wannan?"

"Tukunyar gas ce, Hajiya. Da ita motar take—"

"Gas?"

Ta kalli tukunyar. Ta kalli murhu uku. Na ga lokacin da abin ya haɗu a kanta.

"Wayyo Allah! Gas a kan wuta! Sun shigo mana da bam! A kashe wuta!"

Da hannunta ta sunkuci bokitin ruwa ta sheƙa a kaskon dubulan. Duk wadda ta taɓa suya ta san abin da ruwa ke yi wa tafasasshen mai. Wuta ta yi tsalle sama da tsayin mutum, da ƙara. Mata suka watse suna salati, wata ta bar takalmi, wata ta bar goyo a hannun wata. Mai ya fallatsa wa Mama a hannu. A cikin turereniya aka ja igiyar saman mota, babban akwati ya faɗo ya fashe, leshi da atamfa da shadda suka zube cikin caɓin ruwa da mai da toka. Kit ɗin ma ya suɓuce ya buɗe.

Motar kuwa tana tsaye. Ko tari ba ta yi ba.

Hajiya Madina ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo tana tsintar zannuwa ɗaya bayan ɗaya, tana karkaɗewa. Ba wanda ya taya ta daga gidanmu. Yaya Mansur yana bakin zaure, waya a sama, yana ɗauka yana dariya.

"Ku gaya wa ɗanku," in ji Gwaggo, tana haki, "mu ba ma haɗa zuri'a da mai yawo da ajali a but. Ku dubi hannun uwar yarinya!"

"Hajiya," in ji Hajiya Madina ba ta ɗago ba, "mai kika zuba wa ruwa."

"Au, ni ce ma mai laifin? A gidan ƙanena? To tukwicin ke nan kun samu, ku kama hanya."

Ko ruwa ba a ba su ba. Ni kuwa ina bayan labule, na san gaskiyar abin da ya faru tun daga farko har ƙarshe, hannuna a kan baki. Da tsakar gida ta yi shiru na fito. A cikin toka na ga wani abu yana ƙyalli: makulli ne ɗaure da shuɗin zare, da 'yar takarda an rubuta "Malama". Makullin shago. A kit ya saka min shi, tare da sarƙa da 'yan kunne. Na ɗauke na soke a ƙugu, ba wanda ya gani.

Bayan la'asar Baba ya tara mu a falo. Mama da hannu a naɗe, Gwaggo a gefensa, Yaya Mansur a hannun kujera yana danna waya. Baba mutum ne mai son gaskiya, wannan ba zan ɓoye ba. Ya dube ni.

"Amatu, ke kika yi karatun nan. Ki gaya min tsakaninki da Allah. Abin nan da ke motar yaron, yana da haɗari ko ba shi da shi? Shi ya jawo wutar ɗazu?"

Amsar tana bakina, a shirye, shafi saba'in na rubuta a kanta. Na ɗago. Gwaggo ta kafe ni da ido.

"Yi magana mana, 'yar boko. Ki ce ni na ƙona uwarki. Faɗi, kowa ya ji. Tun ba a ɗaura ba ki zaɓi namiji."

Jama'a, na dubi kafet. Na ga wani ɗan zare ya fita a gefe. Na ji muryata ta ce:

"Ban sani ba, Baba."

"Kun ji ko!" Gwaggo ta tafa hannu. "Mai digirin ma ba ta sani ba."

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya yanke: zuwa Juma'a, ko Musaddiq ya cire tukunyar ya nemi wata sana'a, ko a mayar musu da lefensu.

Kafin magariba bidiyon ya shiga gurup ɗin dangi, daga nan ya fita gari. Yaya Mansur ya rubuta a ƙasa, "Angon gas ya kawo lefe." Ya haɗa da muryata, ashe ya naɗa a falo, ya tura wa Musaddiq kai tsaye.

Saƙo ya shigo.

"Yaya hannun Mama?"

"Da sauƙi."

"Muryarki ce wannan?"

Wani saƙon ya biyo baya.

"Amatu, da gaske kika ce ba ki sani ba?"

Na rubuta masa dogon bayani, ya kai layi talatin. Na karanta, na ga duk uzuri ne, na goge. Na tura, "Ka yi haƙuri."

"Ba haƙuri nake nema ba. Ki shiga wurin Baba ki gaya masa abin da kika sani. Minti biyu ya isa."

Lahadi na je har ƙofar falo, na ji tarin Gwaggo, na dawo. Litinin na kai wa Baba shayi, ya ce, "Akwai magana?" na ce, "Sukari ya ji?" Talata Musaddiq ya rubuto cewa masu keke biyu da suka yi alƙawarin kawo masa aiki sun fasa, yara suna wucewa ta shago suna kiran "bam, bam". Laraba bai rubuto komai ba. Aka wanke zannuwan, aka mayar cikin akwatuna, aka jibge su a zaure, a jikin jarkokin fetur.

Alhamis da rana Gwaggo ta ce, "Mansur, gobe in an sauko daga masallaci ka kwashe tarkacen nan ka kai musu."

"Motata ba wuri, Gwaggo. A nemi keke."

"Sharon guda ba wuri?"

"Na ce ba wuri. Kuma da asuba zan yi lodin Kano."

Bai kalli kowa ba da yake faɗa. Na ce muku ina ganin komai. Talata da Laraba motar ba ta kwana a gida ba, ya ce gyaran birki. Da ta dawo bayanta ya ɗan zauna ƙasa. Kuma mutumin da kullum yake shigo da ita da kai, yanzu da baya yake shigowa, ya manna but ɗin a jikin bango.

Bayan la'asar Mama ta aike ni in ɗauko kular abincinsa a mota, shi yana wanka. Na buɗe ƙofar tsakiya. Warin sabon fenti ya buge ni. An cire kujerar ƙarshe, an shimfiɗa tsohuwar darduma a kan wani abu mai tudu. Na ɗaga.

Tukwanen gas ɗin girki ne guda biyu, manya, irin na masu gidan abinci. An yanke su, an haɗa baki da baki, an shafa farin fenti don su yi kama da ta Musaddiq. A tsakiya tabon walda ya zagaye ta kamar ɗinkin buhu. Bututun an ɗaure shi da waya.

Gobe da safe. Kano. Mota cike da fasinja. Layin gidan gas, motoci gaba da baya. A dura mata matsin da ya ninka abin da aka ƙera ta dominsa fiye da sau goma.

Ban san lokacin da kular ta faɗi ba.

"BABA!"

Ni kaina ban gane muryar ba. Baba ya fito ba takalmi. Mama ta fito, Gwaggo ta fito, Yaya Mansur ya fito da tawul a wuya, maƙwabta suka fara leƙowa ta get.

"Ke, wa ya aike ki ki taɓa min kaya?"

"Baba, zo ka gani! Tukunyar girki ce ya sa aka yi wa walda, gobe zai kai a dura mata gas ɗin mota!"

"Rufe min baki! Mai waldar ya ce ya yi wa mutane da yawa."

"Ya cika ɗaya a gabanka? Ya tsaya kusa da ita ana durawa? Yaya, wannan ba tukunya ba ce, likkafanin mutum tara ne ka ɗauko! Ba za ta kai rabin cika ba za ta tsage daga nan, daga ɗinkin nan, ta tashi da kai da fasinjanka da yaron da ke riƙe da tiyo!"

Baba ya shafa tabon waldar, ya juyo. "Mansur. Kai da kake kiransa Injiniyan Girki?"

Yaya Mansur ya zauna a kan dakali. "Baba, in je Kano in dawo, gidan mai nake yi wa aiki. Wata takwas ina kallon motarsa tana zuwa tana dawowa a kan abin da bai kai kuɗin abincina ba."

"Me ya hana ka je wurinsa ya yi maka na gaskiya?"

Gwaggo ta riga shi.

"Ai shi ya jawo," in ji Gwaggo. "Wa ya san wannan masifa a garin nan kafin ya kawo ta?"

"A'a, Gwaggo." Ni ce. Wallahi ni ce. "Tasa daban, wannan daban. Tasa ƙarfe ɗaya ce babu haɗi, an gwada ta, an buga lamba a wuyanta. Ko ta yi yoyo iskar sama take yi, ba ta kwanciya. Jarkokin da ke zaure sun fi ta haɗari sau nawa, kuma kullum a gefensu muke hura wuta. Ranar Asabar ma ba motar ba ce. Ruwa kika zuba a tafasasshen mai, ina kallo ta taga. Ke kika ƙona hannun Mama."

Ban tsaya ba. Baba ya koma gefe yana waya, ni ina ta yi wa matan maƙwabta bayani, ina nunawa da hannu, sun fi goma, duk sun zuba min ido, harshena bai yi nauyi ba ko kaɗan. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai da na ga idon Mama ya wuce ta kafaɗata, na juya.

Musaddiq yana tsaye a bakin zaure, cikin shuɗin kayan aiki, akwatin sifanu a hannu, lefena a jibge a gefensa. Ashe shi Baba ya kira a waya. Daga ganin fuskarsa ya jima a wurin.

Ya durƙusa ya gaida Baba. Ya gaida Mama, ya tambayi hannu. Ya gaida Gwaggo, ta kau da kai. Ya leƙa motar, ya bi tabon da babban yatsa, ya ce, "Innalillahi. Yaya Mansur, ba a taɓa cika ta ba ko?"

"Ba a taɓa ba."

"Alhamdulillahi."

Ya kwanta a ƙasan motar mutumin da ya mayar da shi abin dariya a gari, ya kwance bututu, ya kwance tukunya, ya cika ta da ruwa, ya huda ta gida uku don kada wani ya tsinta ya yi amfani da ita. Yaya Mansur ya miƙa masa sifana sau biyu ba tare da an tambaye shi ba.

Da ya gama yana goge hannu, Baba ya yi gyaran murya.

"Musaddiq, maganar Juma'a a bar ta. Mu muka yi kuskure. Ka riƙe sana'arka, Allah ya sa mata albarka. Zan je da kaina in ba Hajiya Madina haƙuri."

Na ce shi ke nan, Allah ya rufa min asiri.

Musaddiq ya sake durƙusawa, kansa a ƙasa. "Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Amma ina roƙon alfarma. Ba sai an jira gobe ba." Ya juya. "Yaya Mansur, yanzu motarka ta samu wuri."

Mama ce ta fara ganewa, ta ce, "Haba ɗan nan."

"Manyana za su zo su ba da haƙuri, Mama."

Ya ɗauki akwatin sifanunsa. Na bi shi zaure, ban ko sa mayafi daidai ba. Ya tsaya, bai juyo ba.

"Ashe kina da murya, Malama."

"Musaddiq, ran Yaya ne—"

"Na sani. Kin kyauta, wallahi na ji daɗi. Bayanin ma ya fi nawa kyau." Yanzu ya juyo, idonsa ja. "Kwana biyar ina roƙon rabin abin da kika faɗa ɗazu. Gwaggona ta durƙusa a cikin caɓi tana tsintar zannuwanki, kina bayan labule. Ni kalma uku kika ba ni. Ban sani ba. To ni yau na sani. Sai in gobe zan mutu za ki buɗe baki a kaina."

Ya fita. Motarsa ta tashi a hankali, babu hayaƙi, ko abin da zan bi da ido bai bar min ba.

Baba bai hana ba, ya ce mai kaya ya nemi kayansa. Yaya Mansur ya loda su da kansa, yana sharce hawaye da kafaɗa. Ɗaya, biyu, har shida da kit ɗin, duk suka shige. But ya rufu ba tare da an danna ba.

"Ka ga motar mutunci," in ji Gwaggo. "Duk ta ɗauke."

Ba wanda ya ce ta yi shiru.

Bayan magariba ina zaune a kan sallaya wayata ta yi ƙara. Musaddiq ne. Ya cire hotonmu na sa rana daga kan lambarsa, ya mayar da hoton shago.

"An duba kaya. Makullin shago bai dawo ba. Ki ba Yaya Mansur gobe."

Na zaro shi daga ƙuguna. Kwana biyar yana nan, har ya yi min shaida a fata. Na rubuta, "To." Yatsana yana kan turawa. Na kalli kalmar nan, ita ce kalmar da na fi faɗa a duk rayuwata. Na goge ta.

"Ba zan bayar ba. Sunana ne a jiki. Gobe ƙarfe tara ina ƙofar shago, ni zan buɗe. In ka ga dama ka kore ni a gaban mutane, zan amsa maka a gabansu."

Alama biyu na jikin saƙon suka koma shuɗi, ya karanta. Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Har yanzu da nake rubuta muku babu abin da ya shigo.

Ba zan iya fita gobe ba sai da izinin Baba. Yana falo, ina jin rediyonsa. Ina kuma jin tarin Gwaggo a gefensa, tarin da ya mayar da ni daga bakin ƙofa ranar Lahadi. Na ɗaura makullin a wuyana, a waje, inda kowa zai gani.

Ga ni nan na miƙe.